Tambayi Injiniya: In Sayi 'Yar Katafila Ta Hannu Don Aikin Lambuna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamin makaranta ne, shekarata biyu da yin ritaya. Ina da fili a bayan gari ta hanyar Shika, na katange shi, na yi ɗan gini a gefe, can nake zaune yanzu da iyali. Burina in mai da shi lambu: ramin kifi guda, tsawo mita 10, faɗi 5, zurfi ɗaya da rabi, ramukan dashen mangwaro da gwaba da lemo guda 40, sai layin bututu daga rijiyar burtsatse zuwa ƙarshen fili, kamar mita 120. Ƙasar wurin akwai marmara. Na sa leburori a watan Maris, kwana uku suka yi ban sake ganinsu ba. Ɗana da ke aiki a Ingila ya ce a can da 'yar ƙaramar katafilar nan mai bokiti ake aikin bayan gida. Ya turo mini hoton wata Kubota U17 ƙirar 2013 mai awa 3,100, ya ce in na yarda zai saya ya sa a kwantena. Na kuma ga irinta wajen wani dillali a Kaduna, da sabon fenti, ya ce naira miliyan 18. Kuɗin giratutina ne. Wacce zan ɗauka, me kuma zan duba?
Malami mai ritaya, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sa a ci moriyar ritaya lafiya, ya yi wa yaro albarka. Ka tambaye ni wacce za ka ɗauka, amma tunda kai malami ne, ka yi haƙuri mu fara da allo da alli.

Ramin kifinka, 10 sau 5 sau ɗaya da rabi, kubik mita 75 ke nan. Ramukan dashe, a ƙasa mai marmara ina son kowanne ya kai mita guda ta ko'ina don a cika shi da baƙar ƙasa da taki, 40 ke nan. Layin bututu, in faɗinsa ƙafa guda ne zurfinsa ƙafa biyu, bai wuce 22 ba. Jimla 137. Mota irin wannan, ko a hannun wanda bai gama ƙwarewa ba, a ƙasa mai tauri, na sha ganin tana fitar da kubik uku zuwa huɗu a awa. Raba da kanka. Awa 40. Ƙara mata 20 na koyo da kuskure da gyaran gefen rami, 60. Wato in an tashi da safe an yi awa shida kullum, cikin kwana goma aikin da ka sayi mota dominsa ya ƙare.

To ranar sha ɗaya fa? Miliyan 18 ɗinka tana ƙarƙashin darbejiya, kaji na hawa kanta. Kuma ƙarfe ba ya son zama. Na yi shekara sama da talatin ina gyaran manyan motocin aikin hanya da na madatsun ruwa, kuma wadda aka ajiye ta fi wadda ake mora ba ni wahala. Batir ya mutu, ɓeraye su cinye waya, robobin da ke tare mai su bushe, sandunan jak masu ɗaga hannu da bokiti su yi tsatsa, rana ta farfasa robar ƙafa, ruwa ya taru a gindin tankin gas. Ranar da ka bukace ta, ranar za ka fara neman makanike.

Maganar yaronka gaskiya ce, sai dai da saura. A Ingila kuɗin lebura na yini ɗaya ya isa ya sa mutum neman inji, shi ya sa motocin nan suka cika ko'ina. Amma yawancin masu gida a can ba saye suke yi ba, haya suke ɗauka. A kawo musu ita a tirela ranar Juma'a, a zo a ɗauke ranar Litinin. Masu saye 'yan kwangila ne da manoma da kamfanonin haya. Wani abin dariya, su Turawan wannan motar suke kira diga. Mu kuwa sunan ya maƙale wa ta hannu mai baki biyu, wadda leburorinka suka jefar suka gudu.

Kuma ban ga laifinsu ba. Watan Maris a Zariya, ƙasa ta sha hunturu ta sha bazara, diga tsalle take yi tana tartsatsi. Ba lokacin haƙa ba ne. Jira ruwa ya sauka sau uku ko huɗu, ko ka bari sai ƙarshen damina. In kana gaggawa, ai kana da burtsatse: a sassare bakin kowane rami kamar taƙi guda, a cika shi da ruwa da yamma, da safe a kwashe abin da ya yi laushi, a sake cikawa. Haka na yi ramuka 25 a gonata da yara biyu, ba mu kai sati uku ba.

Sannan ka san wace irin marmara gare ka. Akwai tsakuwar marmara da ke gauraye da jar ƙasa, wannan bokiti yana shiga. Akwai kuma wadda ta haɗe ta zama shimfiɗa kamar an zuba kankare. In ita ce, motar da nauyinta duka bai kai tan biyu ba sai dai ta yi ta ƙarzar samanta tana ɗaga kanta, haƙoran bokiti na ƙarewa. Sai an ɗaura mata gudumar fasa dutse, wadda wani kuɗin ne daban, kuma tana saurin cinye fin da bushin, wato ƙarafan da gaɓoɓin hannun motar ke juyawa a kansu. Ka sa a haƙa ramin gwaji guda biyu ko uku a wurare dabam-dabam kafin ka kashe ko sisi.

Ramin kifin ma ina da magana a kansa. Ƙasar marmara ba ta riƙe ruwa, tsotsewa take yi. Dole sai ka shimfiɗa leda mai kauri ko ka yi masa siminti. In kuwa haka ne, me zai hana ka gina tankunan bulo a sama ko ka kafa na tamfol, kamar yadda masu kiwon tarwaɗa da yawa ke yi? Sauya ruwa ya fi sauƙi, ruwan da aka zubar ya gangara gindin mangwaro. Da wannan kaɗai fiye da rabin haƙar ta tafi. Kar ka manta kuma, katafila haƙa take yi ta tara a gefe, ba ta kwashewa. Ƙasar ramin nan in ta fito kumbura take yi, za ta haura baro dubu, kuma mutane ne za su tura.

In ka nace sai ramin ƙasa, nemi hayar babbar nan mai tayoyi, mai bokiti gaba da baya, wadda kowa ke kira JCB. Ta fi samuwa wajen 'yan kwangilar gari, da ƙafarta take zuwa ba sai an ɗauko ta ba, yini ɗaya ko biyu ta gama maka ramin da layin bututun. Ku yi magana a fili tun farko: awa nawa ne yini, gas na wa, abincin direba na wa, in ta lalace a tsakiyar aiki yaya lissafi. Ka auna ƙofar katangarka tukuna, don faɗinta ya wuce mita biyu.

Shawarata ke nan, kuma da ɗan'uwana ne ciki ɗaya ita zan ba shi: kar ka saya don lambu.

Amma na san halinmu mu tsofaffi, in abu ya shiga rai ya shiga. Akwai hanya ɗaya da sayen ke da ma'ana, wato in sana'a za ka yi da ita: haƙar fandisho, ramin sokawe, layin ruwa, a cikin unguwannin da babbar mota ba ta iya shiga. U17 tana tsuke ƙafafunta su dawo santimita 99, ta buɗe su zuwa 124 in za ta yi aiki, tana kuma haƙa zurfin mita biyu da 'yan kai. Wuri ne da ba ta da abokin takara sai lebura. Sai dai sana'ar tana son direba mai amana, da makaniken da ya san haidirolik, wato matsin man da ke motsa hannu da ƙafafun motar, da motar ɗauka. Nauyinta kusan tan 1.7 ne, bayan Hilux ba zai ɗauke ta ba, sai Kanta da matakalar ƙarfe ko tirela. Tafiyarta a ƙasa kuwa, tsoho mai sanda zai wuce ta. In ba ka shirya wa waɗannan uku ba, koma kan lissafin farko.

In ka shirya, ga yadda ake duba ta. Ka je da makanikenka, ba wanda dillali ya kira ba, kuma ka je da sassafe ba tare da ka faɗi ranar ba. Abu na farko, ɗora hannu a kan inji. In da ɗumi, ku gaisa ku koma gida, gobe ma rana ce. Ni aka taɓa yi wa wannan, da furfurata. Wani aminina ya aike ni duba masa wata, na isa da hantsi na tarar an riga an tayar da ita, wai ana caja batir. Ta yi ƙara mai daɗi, ba hayaƙi. Muka biya. Washegari da asuba muka yi ta murza makulli har batir ya ƙare, da ta tashi kuma unguwa ta turnuƙe. Ashe ringin fistan na cikin inji ya gama, an ɗura mata baƙin mai mai kauri kamar zuma don ya rufe asiri. Har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni lafiyar batir.

Injin dizal mai lafiya yana tashi a sanyi cikin 'yan daƙiƙu, ya ɗan yi hayaƙi ya washe. Shuɗin hayaƙi da ba ya yankewa, baƙin mai yake sha. Fari mai ɗorewa, ko ruwa ne ke shiga silinda ko nozul ba ya fesa gas daidai. Baƙi, sau da yawa filtar iska ce ko nozul, shi ya fi sauƙin magani. Buɗe murfin zuba baƙin mai inji na aiki: in yana huci da ƙarfi kamar tukunyar dambu, injin ya gaji. Kafin a tayar, leƙa lagireto ko da mai na yawo a kan ruwa. Duba man haidirolik ta gilashin tanki: ya kamata ya zama garau. In ya yi fari-fari kamar koko ruwa ya shiga, in ya yi duhu yana ƙauri ya ƙone.

Kar agogon awa ya ruɗe ka, ana sauya shi cikin minti goma. Jikin mota ne ba ya ƙarya. Dubi inda ake taka ƙafa, da kan sandunan tuƙi, da kujera. Motar awa 3,000 ba ta siɗe fentin dandamali har ƙarfe ya yi sheƙi ba. Sai direba ya miƙe hannun motar gaba ɗaya, bokiti a sama kaɗan, kai kuma ka kama bokitin ka girgiza hagu da dama. Ɗan motsi dole ne. Amma in yana kaɗawa kamar haƙorin tsohuwa, fin da bushin sun tafi, in an yi rashin sa'a ramukan ma sun buɗe sai an yi walda an sake huda su. Ya dafa bokiti a ƙasa ya danna a hankali, kai kana tsugune kana kallon zoben da saman motar ke juyawa a kansa. In sama ya ɗaga kafin ƙasa ta biyo shi, zoben ya ci, kuma yana cikin abubuwa mafi tsada a jikinta.

Daga nan ya ɗaga gefe guda da bokiti, ya juya ƙafar a iska, gaba da baya, sannan ɗayan gefen. Gudunsu ya zo ɗaya. Dubi robar ko wayar ciki ta fito, dubi faifan da ke jan ta ko haƙoransa sun yi tsini kamar na zarto. A kwance ɗan murfin giyar ƙafa a ga man ciki: in babu, ko yana ƙyalli da garin ƙarfe, ka tashi. A sauke ta a tuƙa a miƙe mita 20, in tana karkata gefe ɗaya akwai magana. Sandunan jak masu sheƙi, bi su da ido: ƙarzuwa ko tabon tsatsa zai yi ta yanka roba yana zubar da mai har abada.

Gwajin da dillalai suka fi ƙi shi ne na ƙarshe. Ka ce a haƙa rami da ita na tsawon awa guda cur, kai za ka sayi gas ɗin. Famfon haidirolik da ya gaji jarumi ne a minti goma na farko, sai mai ya yi zafi ya tsinke ake ganin kasalarsa. Bayan awar, a cika bokiti da ƙasa, a ɗaga, a kashe inji, ku tsaya hira minti goma kuna kallon ko hannun na sauka da kansa. Dillalin da ya hana ka wannan ya riga ya ba ka amsa.

Sabon fentin nan na Kaduna bai burge ni ba. Ba na cewa mugunta ce, amma fenti yana rufe walda da tsagewa, musamman a gindin hannu da inda hannun ke manne da jikin mota. Shafa da yatsa. Nemi farantin lambar mota, ka gwada da takardun kwastan, lamba ta zo daidai harafi da harafi. Amfanin ta Kaduna ɗaya babba: tana gabanka, za ka taɓa. Ta Ingila kuwa cinikin biri a sama ne, sai in yaron zai biya wani makanike mai zaman kansa ya yi mata duk abin da na lissafa, ya ɗauko maka a bidiyo tun daga tashin sanyi. Ya nemi takardun sabis. Ya tabbatar ba ta sata ba ce kuma ba bashin banki a kanta, don satar irin waɗannan motoci ta yi yawa a can har suka kafa rajista mai suna CESAR, za ka ga alamarta mai kusurwa uku a jikin motoci da yawa. Sannan ku haɗa kuɗin jirgi da kwastan da fito daga tashar Legas da motar da za ta kawo ta Zariya kafin ku ce ta fi araha. In har za ta taso, kar kwantena ta zo da iska: filtoci na shekara biyu, robar ƙafa guda biyu, robobin jak, haƙoran bokiti, da bokiti uku, siriri na bututu, matsakaici, da mai faɗi na share ƙasa. Baƙin mai da tiyo za ka samu a Panteka ko Ƙofar Ruwa. Robar ƙafar U17 kuwa, kana iya wata biyu kana waya kasuwar Ladipo ta Legas. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ko ta haya ce ko taka, ranar aiki a kulle yara a cikin gida. Direba ba ya ganin bayansa. Ka nuna masa inda wayar wuta da bututu da tsohuwar rijiya ko salga suke. Kar a haƙa dab da gindin katanga. Kuma duk ramin da ya wuce ƙugu, kar kowa ya shiga sai an kwantar da gefensa, don kubik guda na ƙasa ya kai tan ɗaya da rabi, kusan nauyin motar kanta.

TAMBAYA: Injiniya, ina da gidan rainon itatuwa da 'yar gonar kaji. Ina ganin tallan sababbin ƙanana 'yan China masu tan ɗaya, kuɗinsu bai kai rabin tsohuwar Kubota ba. Ba gara sabuwa ba?
Wata Hajiya, Katsina.

AMSA: Hajiya, don juya taki da kwashe kashin kaji da haƙa a ƙasa mai rairayi irin ta wajenku, suna yi. Yawancinsu injin dizal ne mai silinda ɗaya, dangin na janareto, wanda makaniken unguwa zai iya kwancewa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Rauninsu a tiyo yake, da fin, da walda, da famfo. Ba su da nauyi, ƙafarsu a tsuke take, saurin kifewa gare su in an juya da cikakken bokiti a gefe. Ranar sayarwa kuma ba su da daraja. Ki saya wajen wanda ke da shago da kayan gyara a kan kanta, ki ga famfo da robar ƙafa da idonki, ba wanda zai ce za a yi oda ba. Satin farko a bi duk notin jikinta a ɗaure.

TAMBAYA: Baba Injiniya, muna da 'yar katafila Yanmar ta maigidana, ni nake tuƙa ta. Da safe lafiya lau, amma da rana ta take sai ƙarfinta ya mutu murus, bokiti da ƙyar yake ɗagawa. An ce famfo ne, a sayi sabo.
Direba, Maraɗi.

AMSA: Ɗana, kar a sayi famfo tukuna. Saurari injin lokacin da ƙarfin ya tafi. In muryarsa na faɗuwa kamar zai mutu, matsalar ta gas ce ko iska: sauya filtar gas, zubar da ruwan da ke cikin kofinta, fitar da filtar iska ka duba, ka kuma sassauta murfin tanki ka ji ko zai ja iska, don ƙaramar ƙofar numfashinsa tana toshewa da ƙura. In kuwa injin na kuka yadda ya saba amma hannu ya yi sanyi, man haidirolik ne ya yi zafi. Dubi ragar lagireto da ta sanyaya mai, a ƙurar Maraɗi sati guda ya isa ta toshe. Hura ta da iska daga ciki zuwa waje, ka duba bel ɗin fanka. Tambayi maigidanka wane mai aka zuba da kuma yaushe, don na sha tarar da an cika tanki da duk abin da aka samu a kasuwa. A zuba lambar da littafin motar ya faɗa, a sauya filta. In kana neman inda mai ke tsiyaya, sa kwali, kar ka sa hannu, matsinsa yana huda fata. In an yi duk wannan ba ta sauya ba, sai a kawo agogon awon matsi a gwada ta da sanyi, a sake gwadawa bayan awa guda tana aiki. Rubuto mini lambobin biyu da samfurin motar.